Ƙauyen da ake yi wa jirgin ƙasa kwalliya da datti



Duk uwargidan da ta taɓa girki da itace ta san yaƙin da ake yi da baƙin tukunya. A sa toka, a sa yashi, a dirje har hannu ya yi kanta, gobe kuma a sake sabon lale. Shi ya sa idan aka ce mata akwai wani ƙauye a Ingila inda dattawa masu cikakken hankali ke shafe makonni suna shafa wa abu sabo fil baƙin hayaƙi da tsatsa da gangan, za ta ce lallai aikin yi ne ya yi musu ƙaranci. To akwai ƙauyen, sunansa Long Wittenham, yana kudu da birnin Oxford kusa da kogin Thames. Abin da suke ɓatawa kuwa 'yan ƙananan kawunan jirgin ƙasa ne, waɗanda tsawonsu bai fi taƙi ɗaya da ɗan ɗori ba. Burinsu shi ne ɗan ƙaramin ya fito sak da babban na gaske a ranar da ya yini yana jan kaya, da gumin aikinsa a jikinsa.

Na je wurin ne a wata Asabar ta watan Satumba, tare da ƙanwata da ke aure a Oxford da ɗanta mai shekara 9. Amma kafin mu shiga ƙauyen sai da muka tsaya a garin Didcot, domin a can ne manyan na gaske suke. Wanda bai ga uwa ba, ba zai gane kamar da 'ya ta ɗauko ba.

Didcot, garin da layin dogo ya raina

Daga tashar Paddington ta Landan zuwa Didcot tafiyar ba ta cika awa ɗaya ba a jirgi, daga Oxford kuwa ba ta fi minti 20 ba. Garin ƙaramin ƙauye ne a da, sai kamfanin Great Western Railway ya ratsa da layinsa ta nan. Injiniyan kamfanin, Isambard Kingdom Brunel, shi ya shimfiɗa layin daga Landan zuwa Bristol, aka kammala a 1841. A 1844 aka cire reshe daga Didcot zuwa Oxford, wurin ya zama mahaɗa, ma'aikata suka tare, gari ya kafu. Wanda ya san yadda reluwe ta ɗaga Kafanchan ya san irin labarin.

Ta ƙarƙashin tashar ake bi a ɓulla cikin Didcot Railway Centre, wato gidan adana tsofaffin jiragen wancan kamfani. Asalinsa abin sha'awa ne ga duk mai 'ya'ya. A 1961 wasu 'yan makaranta guda huɗu suka ga ana ta kai kawunan jirgi masu tururi wurin masu yanka ƙarfe, suka ƙudura sai sun ceci ko da guda ɗaya. Suka rubuta wasiƙa a wata mujallar jiragen ƙasa suna neman gudummawa. A 1964 aka sayi kan jirgin, mai lamba 1466, kuma daga wannan yunƙuri na yara ƙungiyar Great Western Society ta samu. A 1967 ta fara amfani da rumfar Didcot, har yau tana nan, kuma mafi yawan masu aikin 'yan sa-kai ne.

Rumfar kanta an gina ta a 1932. Doguwa ce, mai layuka huɗu a ciki, da ramuka tsakanin ƙarafan layin inda makanikai ke shiga su duba cikin inji daga ƙasa. Tun daga ƙofa warin wurin zai tarbe ki: kwal, da man inji mai ɗumi, da danshin tururi. A gefe akwai wani gini mai tudu da katafaren tankin ruwa a kansa, inda ake tura taragun kwal sama, a riƙa juye shi cikin kawunan jirgin da ke tsaye a ƙasa.

A nan muka tsaya gaban Pendennis Castle, mai lamba 4079, wanda aka ƙera a Swindon a 1924. Kore ne shar, bakin bututun hayaƙinsa an yi masa rawani da jan ƙarfe, lambarsa a kan farantin tagulla. Manyan ƙafafunsa sun fi ƙafa 6 da rabi, ko dogon namiji ya tsaya kusa da su sai sun ɗara shi. Shi kaɗai, ban da taragon kwal da ruwa da yake ja a bayansa, ya kusa tan 80. Ya ma yi ƙaura: a 1977 aka kai shi yammacin Ostareliya, ya dawo gida a 2000. Yaron ƙanwata, wanda tun a hanya yake tambayar yaushe za a koma gida, ya ɗaga kai ya kasa rufe baki.

Kowane datti da dalilinsa

Ranar an hura wa wani kan jirgin wuta yana ɗaukar baƙi zuwa ƙarshen fili ya dawo. Da safe aka goge shi tas, amma kafin azahar jikinsa ya fara ba da labari. Wannan labarin ne masu ƙera ƙananan ke zuwa karantawa, wasu da kyamara, wasu da ɗan littafi da fensir.

Hayaƙi yana fita ta bututun gaba, iska ta kwantar da shi baya, don haka baƙin kunkunniya a saman tukunyar ruwa da rufin ɗakin direba yake sauka, gefuna kuma su fi haske. Inda tururi ko ruwa ke tsiyaya, kamar gindin usur da bakin ƙusoshin wanke tukunya, sai ki ga farin zane ya gangaro ƙasa kamar an diga kanwa. Irin farin nan ne da ke taruwa cikin butar shayi idan ruwan unguwa mai nauyi ne. Sandunan da ke juya ƙafafu kullum cikin mai suke, suna ƙyalli baƙi-baƙi. Ƙasan jirgin ruwan ƙasa ne, saboda duk lokacin da aka taka birki ƙarfe na cin ƙarfe, garin ya watsu, ya yi tsatsa, ya haɗu da ƙurar hanya. Kusa da murhu toka ce fari-fari. Ƙofar gaba, inda zafi ya fi yawa, fentinta kan ƙone daga ƙasa ya koma ja. Wurin zuba ruwa akwai jiƙa, wurin zuba kwal akwai baƙin gari. Matakala da mariƙin hannu kuwa sun fi ko'ina tsabta, domin takalma da tafukan ma'aikata ne ke goge su kullum.

A ɗakin jinya an koya mana cewa gyambon kwanciya ba ya fitowa inda ya ga dama, sai inda nauyin jiki ya danne. Idan kika san yadda majinyaci ke kwana, kin san inda za ki duba. Haka na ga jikin wannan inji. Babu tabon da ya zo da ka, kowanne akwai abin da ya kawo shi, kuma wanda ya san yadda injin ke aiki zai iya faɗin inda tabon zai fito tun kafin ya gani.

Sai dai jiragen Didcot 'yan gata ne, ana goge su fiye da yadda ake yi lokacin da suke bakin aiki. Saboda haka mai son gaskiyar yadda suke a da dole ya koma ga tsofaffin hotuna. Su ma hotunan sai an lura da shekara. A shekarun 1930 kamfani na ɗaukar samari aikin goge inji, daga nan mutum ke zama mai zuba kwal, bayan shekaru masu yawa ya zama direba. Jiragen fasinja na lokacin suna sheƙi, na kaya ne ke yawo da dauɗa. Zuwa shekarun 1960, da aka san kwanan tururi ya ƙare, babu mai kula da su, duka suka koma baƙi ƙirin. A 1968 hukumar jiragen Birtaniya ta daina aiki da su a manyan layukanta. Kan jirgi ɗaya, lamba ɗaya, amma kamarsa a 1935 daban, a 1963 daban.

Pendon, ƙasa guda cikin ɗaki

Daga Didcot zuwa Long Wittenham 'yan mintoci ne a mota, ta tsakanin gonaki da shingayen itatuwa. Gidan da muka nufa sunansa Pendon Museum. Daga waje ba za ki ce akwai wani abu ba, gini ne mara kwalliya a bakin hanya.

Wanda ya kafa shi, Roye England, baƙo ne a ƙasar. An haife shi a Perth ta Ostareliya a 1906, ya zo Ingila a 1925, ya zauna a yankin da ake kira Kwarin Farin Doki. Sunan ya samo asali ne daga wani zanen doki da mutanen da suka sassaƙa a jikin tudun alli na Uffington kimanin shekara 3,000 da suka wuce, tsawonsa ya kai mita 110. Saurayin ya ƙaunaci ƙauyukan kwarin, da gidajensu masu jinka, da jiragen Great Western da ke ratsa gonakinsu. Sai ya lura abin yana ɓacewa a kan idonsa: ana yaye jinka ana sa rufin zamani, ana rushe tsofaffin gidaje, mota na korar doki. Ba shi da kuɗin sayen gidajen, ba shi da ikon hana rushe su. Abin da ya iya shi ne ya hau kekensa ya bi ƙauye-ƙauye yana aunawa, yana ɗaukar hoto, yana rubuta launin kowane bango. A 1931 ya fara ƙera gini na farko, a 1954 aka kafa gidan tarihin. Ya rasu a 1995 aikin bai ƙare ba, 'yan sa-kai suka ci gaba.

Ma'aunin da suke bi shi ne milimita 4 a madadin ƙafa ɗaya, wato an rage komai sau 76. Namiji mai ƙafa 6 ya koma milimita 24, bai kai gaɓa biyu ta ɗan yatsa ba. Pendennis Castle da muka baro, mai tsawon kusan mita 20 da taragonsa, a wannan ma'auni santimita 26 ne, sai ya shige jakar hannu.

A bene na sama aka shimfiɗa kwarin yadda yake a shekarun 1920 da 1930. Gidajen da kwali aka yi su, an tsaga layin kowane tubali, an shafa masa launinsa shi kaɗai da fentin ruwa. Jinkar da zaren rama irin na masu gyaran famfo aka yi ta, a farkon aikin ma har da gashin mutum aka gwada. Akwai lambun kabeji a bayan gida, da shanya a igiya, da rijiya, da bangon da ya tsage aka toshe. Idan aka rage fitilar ɗakin sai tagogi su kama haske, ki leƙa ki ga gado da kujera a ciki. A ƙasa kuma akwai yankin Dartmoor, da doguwar gadar katako irin wadda Brunel ya riƙa ginawa, da wani tsohon aiki mai suna Madder Valley na John Ahern, wanda yana cikin na farko da suka nuna cewa jirgin wasa zai iya ratsa ƙasa mai kama da ta gaske.

Muna tsaye gaban gadar sai ga jirgin kaya ya ɓullo a hankali. Kansa irin wanda injiniya Churchward ya fito da shi a 1903 ne don jan kaya masu nauyi, mai manyan ƙafafu takwas. Yawancin kawunan jirgin gidan wani mutum mai suna Guy Williams ne ya ƙera su da hannu daga fallayen ƙarfe. Taragun suka yi ta wucewa, yaron yana ƙirgawa har lissafi ya ƙwace masa. Abin da ya kama idona shi ne babu tarago biyu masu kama ɗaya. Wannan rubutunsa ya koɗe, wancan an canja masa katako ɗaya ba a yi masa fenti ba, na bayansa garin kwal ya cike duk tsagoginsa. Yaron ya ja mayafina ya ce, "Anti, wannan ya fi sauran shan wahala." Ya gane abin da ake so a gane ba tare da kowa ya yi masa bayani ba.

Yadda ake tsufar da sabon abu

Wani dattijo daga cikin 'yan sa-kai ya ga yadda yaron ya manne da gilashi, ya tsaya ya yi mana bayanin yadda masu wannan sana'a ke aiki, a Pendon da sauran wurare.

Matakin farko babu fenti a cikinsa. Za ki zaɓi kan jirgi guda ɗaya tak, da lambarsa, da shekarar da kike so, ki tara hotunansa ta kowane gefe. Ko 'yan gida ɗaya ne sukan bambanta: an canja wa wannan bututu, an musanya wa wancan tarago. Hatta rubutun kamfani yana nuna zamani, domin a 1934 Great Western ta fara sa wani ɗan zagayayyen tambari a maimakon cikakken sunanta. Wanda ya sa tambarin a jirgin 1928 ya yi wa tarihi ƙarya, kuma masu ido za su gani.

Na biyu shi ne ƙara abubuwan da suka yi ƙanƙanta da yawa. Mariƙin hannu da waya ake lanƙwasa shi, wadda kaurinta bai kai rabin milimita ba. Farantin lamba na tagulla ne na gaske, sai da hantsaki ake ɗaukarsa. Ana sa bututun birki, da ƙugiyar haɗa taragu, da dogayen ƙarafan tona wuta, da bokiti. Kwal ɗin da ke baya na gaske ne, a daka shi, a tankaɗe, a zuba, a ɗiga masa gam da aka tsinka da ruwa. Fitilun gaba ma magana suke yi. Biyu a ƙasa, dama da hagu, na nufin jirgin fasinja mai sauri. Ɗaya a sama ƙarƙashin bututu na nufin mai tsayawa a kowace tasha. Da su ma'aikacin hanya ke gane abin da ke tafe tun daga nesa. Har faɗin layin ba su bari ba. Na kanti yakan zo da milimita 16.5, wanda ya ɗan fi na gaske matsewa idan aka yi lissafi, don haka a Pendon suka buɗa nasu zuwa wajen milimita 18.

Na uku shi ne tsufarwar kanta. Ana wanke ɗan jirgin a cire maiƙon hannu. A tsinka fenti ya yi ruwa-ruwa kamar shayin da bai ji ganye ba, a shafa, a bari ya gangara cikin lunguna, sannan a goge da auduga daga sama zuwa ƙasa, hanyar da ruwan sama ke bi. Baƙin saman tukunya da 'yar na'urar fesa fenti ake yinsa, daga bututu zuwa baya, hanyar da hayaƙi ke bi. Ba a amfani da baƙi zalla, sai an sirka shi da ruwan ƙasa da ruwan toka. Dalili kuwa, idan kika tsaya mita ɗaya daga ɗan jirgin, daidai yake da kin tsaya mita 76 daga babban, kuma daga nesa kowane launi yakan yi laushi. Don fito da kan ƙusoshi, sai a tsoma buroshi a fenti, a goge shi a tsumma har ya kusa bushewa, a shafa sama-sama. Tsatsa da toka da garin launi ake yinsu. Inda ƙarfe ya goge yana ƙyalli, bakin fensir ya wadatar. Inda mai ko ruwa ya zuba, a ɗiga abin sheƙi kaɗan. A ƙarshe a goge inda ƙafafun ke taɓa layi tas, domin ta nan wutar lantarki ke shiga, idan fenti ya rufe wurin jirgin ba zai motsa ba.

Dattijon ya ce abin da ya fi wuya shi ne sanin lokacin tsayawa. Na ce a raina, ai gishiri ne a miya: ana iya ƙarawa, ba a iya tsamewa. Ya kuma ce kuskuren sabon shiga shi ne ya zana dattin da yake zato, maimakon wanda ke cikin hoton. Wannan ma doka ce da na sani, domin a takardar majinyaci abin da ido ya gani ake rubutawa.

Mu fa, ina namu?

A hanyar komawa tunanina gida ya tafi. Layin dogo ya iso Kano a 1911, daga Baro a bakin kogin Kwara, ba da daɗewa ba aka haɗa shi da na Legas. Ya kai Ƙaura Namoda a 1929, Nguru a 1930, Maiduguri a 1964. Shi ya kwashe dalar gyaɗar Kano zuwa bakin teku, da auduga da fatu da kuzar Jos. Da yawa daga kawunan jirgin da suka yi wannan aiki a Birtaniya aka ƙera su, a masana'antu irin su Vulcan Foundry da North British ta Glasgow, suna cin kwal ɗin Inugu. Tsohon layinmu faɗinsa milimita 1,067 ne, ya fi na Ingila matsewa. Sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 shi ne mai faɗi ɗaya da nasu, milimita 1,435.

Da wani zai ƙera ɗan kan jirgin da ya taso daga Nguru a watan Janairu, launukan Pendon ba za su yi masa ba. Sai ya nemo jar ƙasa don ƙafafu, da farar ƙurar hunturu da ke kwanciya a kan komai, da fentin da rana ta cinye. Kuma sai ya sami hoto ko wanda ya gani da idonsa. A Ebute Metta ta Legas akwai ɗan gidan tarihin reluwe a Jaekel House, amma abin da ya shafi tashoshinmu na Arewa yawancinsa a kawunan tsofaffi yake, da cikin akwatunan da ba a buɗewa. Dalar gyaɗa ta tafi. Waɗanda suka zuba kwal da hannunsu a layin Zariya zuwa Gusau suna ta ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Roye England ya auna gidajen kwarinsa tun suna tsaye, shi ya sa jikokin masu gidajen ke zuwa yau su ga inda kakanninsu suka kwana.

Abin da ya rage gare mu iyaye

Ba na cewa mu sayo wa yara jiragen kanti masu tsada. Hannun da ke wannan aiki muna da shi a gida. Wace ce a cikinmu ba ta ga yayyenta sun zauna da karan dawa suna fere motar kara ba, ko sun yanka gwangwanin madara da tsohon silifa sun fitar da tirela har da madubi? Mu kuma muna gefe da 'yar tsana da tuwon ƙasa. Yau yaron da ya kwaso kwali da murafen kwalba sai mu ce ya tara mana shara, mu miƙa masa waya don a samu shiru. Alhali abin da yake koya a wannan tarkacen, wato aunawa, da lura, da haƙurin sake abin da ya lalace, shi ne abin da ake nema a wurin injiniya da tela da likitan tiyata.

Abin da Pendon ta ƙara mini shi ne mataki ɗaya: a sa yaro ya kwaikwayi abu guda na gaske. Kada ki ce ya yi mota kawai. Ki ce ya yi a-daidaita-sahun da ke kai shi makaranta, ko motar itacen da ke tsayawa a bakin layinku. Ya je ya duba: ina ta lotse, ina fenti ya goge, wane gefe laka ta fi kamawa, kuma me ya sa? 'Ya mace ma haka, ta yi kicin ɗin kakarta da kwali, har da baƙin bango a bayan murhu. Dakakken gawayi, da toka, da jar ƙasa, da alli, da ɗan gam sun isa. Wadda ba ta son a sa 'yan mutum-mutumi sai ta bar su, aikin bai dogara da su ba.

Sai dai a kiyaye, don mun sha ganin sakamakon rashin kula a asibiti. Ƙananan abubuwa irin murafe da ƙusoshi a nisanta su daga yaran da ba su kai shekara 3 ba, saboda komai baki suke kaiwa, kuma shaƙewa ba ta jira. Reza da almakashi sai babba na kusa. Gwangwani mai tsatsa idan ya yanki yaro a wanke da ruwa da sabulu nan take, a kai shi a duba ko rigakafinsa na sarƙe-haƙora ya cika. Fentin mai da sinadarin tsinka shi ba na ɗaki rufaffe ba ne, balle ga mai asma, fentin ruwa ya fi. Kada kuma a bar yara su fasa tsohon batir don neman baƙin cikinsa, guba ne.

Wadda Allah Ya kai ta Ingila, wuraren biyu suna yiwuwa a yini ɗaya, amma ba kullum suke buɗewa ba, an fi samunsu a ƙarshen mako, kuma ba kowace rana ake hura wa jirgi wuta a Didcot ba, don haka a duba kafin a fita. A riƙe rigar sanyi da guzuri, a kuma sa wa yara kayan da ba a jin ciwon ɓacinsu, domin garin kwal ba ya tambaya.

Wadda kuma take gida, tafiyarta ta fi tawa sauƙi. Idan akwai tsohuwar tasha a garinku, ki kai yara su gan ta, ki ɗauki hotonta da wayar da ke hannunki: ginin, da allon sunan garin, da tankin ruwa idan yana nan. Idan akwai tsohon ma'aikacin reluwe a danginku ko a unguwa, ki tura su su gaishe shi, su ce Baba, wane launi ne jirgin, ina yake shan ruwa, kwana nawa ake yi zuwa Legas? Ki naɗi muryarsa. Tambaya ce da ba ta cin ko sisi yau, amma akwai ranar da ko nawa aka bayar ba za a sami mai amsa ta ba.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya sa albarka a hannuwansu, Ya jiƙan magabatanmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.